Ranar da Baba ya sa mini ganye

Duk wanda ya san ni a Kafanchan ya san ba a rantsuwa da maganata. In na ce na ga maciji, matata takan tambayi tsawonsa, ta raba uku, ta ɗauki kashi ɗaya, sannan ta ce ai tana ce, 'yar tsutsar ƙasa. Na yarda, ina da hannu wajen zuba gishiri. Wannan labarin ne kaɗai ban taɓa ƙara masa komai ba.

A shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama abin ya faru. Ina koyarwa a wata firamare ta mishan da ke kusa da tashar jirgi, ni ne kuma shugaban 'yan sikawut na makarantar. Da kun gan ni ranar Asabar! Gajeren wando mai karin guga da zai iya fere doya, safa har gwiwa, usur a wuya, ga hula mai faɗi da kaji ke fakewa a inuwarta. Ina koya wa yara ɗaurin igiya da bin sawu daga wani littafi da ya sha ruwa har shafukansa suka kumbura.

Babana yana ƙauyenmu a gindin dutse, tafiyar awa guda a keke. Mutanenmu a da can bisa dutsen suke zaune. Sun sauko ina ɗan shekara shida ko bakwai, uwata kuwa ta rasu damina ɗaya kafin saukowar. Can aka binne ta, irin binnewar da, babu gicciye, babu rubutu, sai tarin duwatsu. Bayan an sauko Baba ya karɓi baftisma, aka tura ni makarantar kwana, na girma a hannun ƙararrawa. Abin da na riƙe na uwata bai fi tabon ƙuna a bayan hannunta ba, da yadda take hura mini kunun acca kafin ta ba ni.

Baba ya zama dattijon ikilisiya. A lokacin duk wanda aka gani yana hawa wajen tsofaffin kaburbura sai a ce tsafi ya kai. Saboda haka shekara ashirin da 'yan kai bai taka wurin ba, bai kuma yi mini zancensa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada muna zaune a ƙofar ɗakinsa, yana gyara ƙotar fartanya, sai ya ce, “Malam.” Haka yake kirana in yana so ya tsokane ni. “Ranar Asabar za mu hau.”

“Me za mu hau, Baba? Jirgin Fatakwal?”

“Dutse. Zan nuna maka inda uwarka take. Waɗanda muka binne ta tare duk sun tafi, saura ni. Gwiwar nan kuma ta fara yi mini sallama.”

Na ce Asabar da safe ina da fareti da yara har ƙarfe tara.

“Ya yi daidai,” in ji shi. “Ni yanzu hawainiya ma wuce ni take yi tana gaishe ni. Zan tashi da sassafe. Kai ka biyo ni da dogayen ƙafafun nan naka. Zan sa maka ganye a kowace mararraba.” Ya ɗago kai ya dube ni. “Ka dai san ganye?”

Na sha juya wannan tambaya a raina. Kalma ɗaya ce amsarta, a'a. Amma na bugi ƙirji na ce, “Baba, ni fa nake koya wa yara arba'in bin sawu. In ƙuda ya bi ta kan dutse shekaranjiya, zan gaya maka ko namiji ne ko mace.”

Ya yi dariya har fartanyar ta zame daga cinyarsa. Bai sake tambaya ba.

A littafina na sikawut, alama tana nuna inda za ka bi. An zana kibiya a ƙasa, ko an ƙulla ciyawa, ka bi nan. Abin da ke kaina ke nan ranar Asabar da na jingine keke a gidan Baba wajen ƙarfe goma, na kama hanya da goran ruwa da burodi biyu.

Farkon damina ne, an yi ruwa uku ko huɗu, ƙasa tana ƙamshi. Hanyar ta ratsa gonakin citta da aka lulluɓe da ganye, ta wuce ƙarƙashin ɗorawoyi, ta fara hawa tsakanin duwatsu. In ka juya kana hango Kafanchan shimfiɗe, rufin kwano na ƙyalli, hayaƙin jirgi na tashi a tasha. Ina tafe ina fito. Remaye suna leƙo ni daga kan duwatsu kamar dattawan da aka hana su kujera a majami'a.

Bayan kamar awa guda na iso gindin wani ƙaton dutse inda hanya ta rabu biyu. Ta dama ta miƙe sama, siririya, duk tsakuwa. Ta hagu ta fi faɗi, ta kwanta gefen dutsen ta shiga kurmi. A bakin ta hagun ga reshen maje ɗanye shimfiɗe a gicciye, an danne shi da dutse don kada iska ta ɗauke. Na ce a raina tsohon nan da ya yi makaranta da shi ne shugaban sikawut na lardi. Na taka reshen, na shiga kurmi.

Ban taɓa ganin wuri mai kyau irin wannan ba, kuma har yau ina jin haushin kyansa. Itatuwa sun haɗe kai sama, rana sai dai ta zubo ɗigo-ɗigo. Wani rafi yana bin gefen hanya har ya ratsa ta, ruwansa sanyi kamar ya tsinke haƙori. Ga tukurwa, ga gora, ga birai suna jifana da ɓawon 'ya'yan itace ina rama musu da baki. Inda wata 'yar hanya ta ɓalle ban ga ganye ba, sai na ce tsoho ya gaji da sunkuyawa, na bi babbar. Awa ɗaya, awa biyu, ban cim masa ba. Na fara tanadin abin da zan ce masa: ashe ciwon gwiwar nan na gudun aikin gona ne. Na busa usur sau da yawa. Birai ne kawai suka amsa.

Abin da ya kamata ya tsayar da ni shi ne hanyar gangarawa take yi. Na lura. Na ce ai dutse haka yake, sai an sauka ake hawa.

Rana ta ɗan karkata na ɓullo bakin wani tafki a bayan dutsen, kwance lumui, bado ya rufe gefensa. Wata tsohuwa tana tsugune a bakin ruwa tana wankin kalwa a kwando. Ta dube ni daga hula har safa.

“Sannu soja,” in ji ta. “Ba a gaya maka yaƙi ya ƙare ba?”

“Kaka, neman aure na zo. An ce akwai wata budurwa a bakin tafkin nan.”

“Da wannan wandon? Koma tela ya ƙarasa maka shi tukuna.”

Muka yi dariya, na ba ta burodi ɗaya. Sai na tambaye ta tun yaushe wani tsoho mai fartanya ya wuce. Ta ce tun safe take nan, ba wanda ya wuce sai shanu. Na ce ba zai yiwu ba, shi da kansa ya sa mini ganye a bakin hanyar nan, can gindin babban dutse.

Hannunta ya tsaya a cikin kwando. “Ka tsallake ganye?”

“Na bi ganye.”

“Kai ɗan wane gari ne?”

Na faɗa mata. Ta girgiza kai. “Ɗan dutsen nan, da gemunka. Ganye ƙofa ce, ɗana. In na gaba ya shimfiɗa shi a bakin hanya, ya rufe ta ke nan, ya ce kada ka bi nan. Wadda ya bari a buɗe ita ya bi. Ko awakinmu sun san wannan.”

Ta fara dariya, ni ma na taya ta, don abin dariya ne. Sannan ta tambayi abin da tsohon ya hau yi. Da na gaya mata sai ta ajiye burodin a kan dutse. Ta ce daga nan babu hanyar hawa, bangon dutse ne tsaye, sai na koma har mararrabar. Ta nuna gabas da haɓa. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin. “Yi sauri,” in ji ta. “Bar gaisuwa.”

Na yi gudu. Ruwan ya same ni a tsakiyar kurmi, irin wanda yake dukan mutum kamar da gayya. Ɗan rafin da na tsallake da safe ina fito ya zama kogi ja, yana tafe da itatuwa. Na tsaya a bakinsa fiye da awa ina kallo, hular nan mai faɗi ta lanƙwashe a kunnuwana. Da ya ɗan ja baya na shiga, ruwa har ƙugu.

La'asar sakaliya na iso mararrabar. Baba yana zaune a gindin babban dutsen, jiƙe sharkaf, fartanya a gefensa. Bayan wandonsa duk laka, don wuraren santsi a zaune ya sauko su. Yana kallon reshen majen. Sawun takalmina yana nan a kansa, ruwa bai gama wanke shi ba.

“Takalminka ne wannan,” in ji shi.

“Nawa ne, Baba.” Sai bakina ya yi abin da ya saba. “Bana ai kowa ya canja hannu. Har motoci.”

Ya ɗan murmusa don kada in ji kunya. Haƙoransa suna haɗuwa saboda sanyi. “Ba laifinka ba ne. Na kai ka makaranta kafin in koya maka tafiya.”

Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Na goya shi. Mutumin da a da yake ɗaukar buhun dawa da hannu ɗaya, ranar nan bai fi damin ƙirare nauyi ba. Muna gangarowa yana magana a kunnena. Ya ce ya isa tun hantsi. Ya nome wurin tas, ya gyara duwatsun da suka zame. Ya zauna ya gaya mata ina tafe. “Na ce mata ya zama malami, dogo ne, surutu kamar ke. Na ce yanzu za ki ji shi, tun daga nesa ake jin sa.” Ya ce ya ji usur sau ɗaya can ƙasa, ya miƙe tsaye, sai sautin ya yi ta nisa.

“Ka hau cikin satin nan,” in ji shi. “Ganyen suna nan har sama, na danne su da duwatsu. Inda ka ga sabuwar noma, ita ce. Kada ka bari ciyawa ta riga ka.”

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, ƙirji ya kama. Na kawo shi asibiti a Kafanchan. Ni da matata muka riƙa karɓa-karɓa a gefen gadonsa. Kullum na shigo, kafin in gaishe shi, sai ya ce, “Ka hau?”

Ni kuma kullum da amsata. Na ce masa birai sun sa mini haraji. Na ce takalmina ya yi rantsuwa ba zai sake taka dutse ba sai da shi. Na ce, “Ka warke mu hau tare, Baba, wannan karon zan ɗaure ka da igiya a ƙuguna.” Sauran majinyata suna dariya, har wani mai karyayyen ƙafa ya roƙe ni in daina, ɗinkinsa zai ɓalle.

Matata ba ta dariya. Wata safiya tana zuba kunu a kwano ta ce, “Malam, ka ajiye barkwancin nan. Ni zan zauna da Baba. Ɗauki keke ka tafi.”

Na ce akwai jarrabawar yara. Gaskiya ne, akwai. Amma ba ita ta hana ni ba. Gani nake in na hau ni kaɗai na yarda ke nan Baba ba zai ƙara hawa ba. Ina kuma jin kunyar matar da aka ce mata ina tafe, ta jira har ruwa ya sauko. Ruwa kuwa kullum sai ya zuba. Ina jin sa a kan kwanon aji ina rubutu a allo, na san abin da yake yi can sama.

A sati na uku Baba ya daina cin abinci. Na shigo da rana, ya buɗe ido da ƙyar. “Ka hau?”

Na ga yadda yake, na ce bari in ba shi abin da yake so. “Na hau, Baba. Jiya. Na gan ta.”

Ya daɗe yana kallona. “Kanyar tana nan a wajen kanta?”

“Tana nan. Ta yi girma, mutum biyar ba za su kewaye ta da hannu ba.”

Ya lumshe ido. “Babu kanya a wurin, Malam.”

Matata ta tashi ta fita. Na durƙusa a gefen gadon na ce ya gafarta mini, ya kwatanta mini wurin, gobe zan hau. Numfashinsa ya riga ya gajarce. Ya ce, “Ƙasa da tsohon gidanmu. Kusa da dutsen niƙa.” Ya huta. “Ka hau gobe.”

Ban hau gobe ba, don a goben jikinsa ya rikice, jibi kuma ya cika. Aka kai shi ƙauye, aka binne shi a bayan majami'a da waƙoƙi da gicciye da sunansa a rubuce. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa daga Kwoi, daga Zonkwa, daga Kaduna, ni ne babban ɗa, ba ni da halin motsawa. Ranar da na sami kaina, sati biyar ke nan da ranar ganye.

Na hau ni kaɗai, ba usur, ba hula. A gindin babban dutse reshen majen yana nan, ya bushe ya yi baƙi, dutsen yana danne da shi. Na bi ta dama. Sama kaɗan hanya ta sake rabuwa, ga wani reshen. Na bi wadda aka bari a buɗe. Haka har sau huɗu. Kowane reshe an karyo shi daidai faɗin hanya, an zaɓi dutse mai nauyi an ɗora. Na riƙa tunanin yadda ya sunkuya da wannan gwiwar sau huɗu. Sun kai ni har bakin kufai ba tare da na yi kuskuren taku ɗaya ba.

Sai dai ciyawa ta riga ni. Ta kai ƙugu, kore shar, iri ɗaya daga bango zuwa bango. Na nemi dutsen niƙa. Mutanenmu sun yi shekaru aru-aru suna niƙa a kan dutsen nan, duk inda ka duba akwai ramin niƙa a jikin falalen dutse. Na ƙirga har na gaji. Na rarrafa cikin ciyawa ina lalube, in na taɓa tarin duwatsu sai in duba ko ciyawarsa ta fi ta kusa gajarta. Wani wurin na ce wannan ne, na matsa gaba na ga wani ya fi shi kama. Na wuni a haka, gwiwoyina duk jini.

Da rani, bayan mafarauta sun sa wa dajin wuta, na koma. Wuri ya yi fili, toka ko'ina. A gangaren da ke ƙasa da kufan gidaje na sami tarin duwatsu goma sha tara. Ba wanda ya bambanta da ɗan'uwansa. Na bi tsofaffin ƙauye ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ba ya gari lokacin, wancan ya ce mata da yara ba sa zuwa wurin binnewa a zamanin. Wata ta tuna uwata sarai, ta ce ta iya zolaya, in tana faɗa da miji har maƙwabta sukan kawo kujera. Inda take kwance kuwa ba ta sani ba.

Da damina ta kewayo na ɗauki fartanyar Baba na hau. Na tsaya ina duban goma sha taran nan, na rasa wanda zan fara. Sai na fara daga na farko. Kafin rana ta faɗi na nome su duka.

Tun daga shekarar haka nake yi, ruwa uku ko huɗu in ya sauka. Matata takan ɗaura mini abinci ta ce, “Ka gaida surukaina.” Nakan gaya wa abokai kaf lardin nan ba wanda ya kai ni yawan uwaye, in da ana rabon gado a can sama da na fi mai jirgin ƙasa arziki. Suna dariya. Yanzu 'yan birni sukan hau ran Asabar da rediyo da kulolin shinkafa, su gangara tafki su yi hoto. In sun tarar da ni a mararraba suna tambayar hanya, nakan karyo reshe in nuna musu yadda ake rufe ƙofa, ko ba su tambayi wannan ba.

In na gama nome kowane ɗaya nakan tsuguna in faɗi magana iri ɗaya: “Ni ne malamin, dogon nan mai surutu. Na makara.” Sha takwas daga cikinsu ba su san ni ba, suna dai haƙuri da ni. Bara ina saukowa, daidai mararraba ta uku, gwiwata ta dama ta yi wata 'yar ƙara da ban taɓa ji ba. Na zauna a kan dutse na ɗan jima kafin in ci gaba.